Tom Tom Ɗin Da Ke Aljihun Ka, Na Waye?

Mai karatu, ka san halin mu 'yan kallo. Da zarar fim ya ƙare an fara jero sunaye, sai mu tashi mu kaɗe riga. Jarumi mun san shi, jaruma mun san ta har da kalar leshin ta, amma wanda ya zuba kuɗin kuma ya kwashe ribar, oho! To ashe haka mu ke yi wa alawa. Ran nan ina gyara wani sharhi da dare, na ɓare Tom Tom na jefa a baki, sai kawai na tsaya duba ledar. Daga nan na shiga bin sawun "furodusan" wannan minti da mu ka tashi mu ka tarar a tiren kowane mai talla.

Labarin ya faro ne daga birnin Birmingham na ƙasar Ingila. A 1824 wani mutum mai suna John Cadbury ya buɗe shago ya na sayar da ganyen shayi da kofi da koko. Shi ɗan ɗarikar Kirista ce da ake kira Kweka, mutanen da su ka yi suna wajen ƙin yaƙi da ƙin cinikin bayi. Shi kan sa ba ya ga-maciji da giya, ya na ganin gara mutum ya sha koko da ya bugu. 'Ya'yan sa, Richard da George, su ka ɗauke masana'antar zuwa bayan gari a 1879, wurin da su ka raɗa wa suna Bournville. Daga baya aka gina wa ma'aikata gidaje masu lambu, kuma ba a yarda an buɗe mashaya ba. Kai ka ce waliyyai ne su ka shiga kasuwanci.

Sai dai fa ko wane gauta ja ne, sai in bai sha rana ba. A farkon shekarun 1900, kaso mai tsoka na kokon da Cadbury ke saye daga tsibiran Sao Tome da Principe ya ke fitowa, waɗanda ke hannun Turawan Fotugal. Masu aikin gonakin daga Angola ake kwaso su da sunan kwantiragi, amma wanda ya je ba ya dawowa. Bauta ce aka sake wa riga. Tun 1901 labarin ya iso kunnen kamfanin. Sun tura wani mai suna Joseph Burtt ya binciko, sun yi ta kai-komo da gwamnatin Fotugal, amma ba su daina saye ba. Ɗan jarida Henry Nevinson ya je ya gano wa idon sa, ya fitar da littafi a 1906. A 1908 jaridar Standard ta Landan ta caccake su, ta ce ga masu wa'azin ƙin bauta su na cin ribar bayi.

Sai a 1909 Cadbury da takwarorin sa Fry da Rowntree su ka ƙaurace wa kokon tsibiran. A shekarar ce kuma aka yi shari'ar ƙarar da Cadbury ya kai jaridar kan ɓata suna. Ya yi nasara, amma ka san diyyar da aka yanke masa? Rubu'in kobon Ingila guda! Ka ga kenan masu yanke hukuncin sun faɗi abin da ke ran su ba tare da sun buɗe baki ba. A wannan tsakanin ne kamfanin ya karkata ga kokon Gwalkwas, wato Ghana ta yau.

Nan gida kuwa, an yi wa Cadbury Nigeria rajista a 1965, masana'antar sa na Ikeja, daga can Bournvita da Tom Tom da Buttermint ke fitowa. Amma uwar kamfanin ta daɗe da barin hannun zuri'ar John. A 1969 ta haɗe da Schweppes masu lemo. A 2010 katafaren kamfanin Amurka, Kraft, ya haɗiye ta kan kuɗi kimanin fam biliyan 11.5. Lokacin cinikin Kraft ya ce zai bar masana'antar Somerdale da ke kusa da Bristol ta ci gaba da aiki. Ciniki na faɗawa, cikin 'yan kwanaki ya sanar da rufe ta. A 2012 Kraft ya rabu gida biyu, ɓangaren alawa da biskit ya zama Mondelez, kuma shi ke riƙe da fiye da kashi 70 cikin ɗari na hannun jarin Cadbury Nigeria. Shi ke da Oreo da Toblerone. Ƙarin abin mamaki, daga 1988 har 2007 Kraft ɗin a ƙarƙashin Philip Morris ya ke, masu tabar Marlboro. Shi ma Rowntree mai KitKat tun 1988 Nestle ya saye shi.

Za ka ce to ina ruwan ka, ai zancen bayi ya wuce. Ina ma! Kwaddibuwa da Ghana su ke noma fiye da rabin kokon duniya. A 2001 manyan kamfanonin cakulan su ka sa hannu a yarjejeniyar Harkin da Engel cewa za su kawar da mummunar bautar da yara, aka yi ta ɗage wa'adi. Binciken da cibiyar NORC ta Jami'ar Chicago ta fitar a 2020 ya nuna yara kusan miliyan 1.56 na aikin ƙarfi a gonakin koko na ƙasashen biyu. In ka samu dama, ka nemi fim ɗin The Dark Side of Chocolate na 2010, wanda ɗan jaridar Denmark Miki Mistrati ya ɗauki wani ɓangaren sa da ɓoyayyar kyamara. Za ka ga yadda ake tsallako da yara daga Mali a kan babura.

Kada ka fahimce ni a baibai. Ban ce ka zubar da Tom Tom ɗin ka ba, shi ko koko babu a cikin sa, kuma 'yan Nijeriya ne ke cin abinci a masana'antar Ikeja. Abin da na ke so shi ne ka daina zama ɗan kallon da ke ficewa kafin a jero sunaye. Juya ledar ka karanta. In ka ƙaurace wa wani kamfani saboda wani dalili, ka tabbatar abin da ka koma wa ba ɗan ɗakin sa ba ne. Ka tuna, abin da ya motsa Cadbury a 1909 har da alƙalamin 'yan jarida da tsoron bakin masu saye.

Wani lokacin kuma, in kwaɗayi ya taso, ga gullisuwa, ga tuwon madara, ga kantun riɗi da carbin malam. Furodusar su ka san ta, ka san layin su, ka kuma san cewa ribar kuɗin makarantar 'ya'yan ta ce.

Allah ya sa mu gane, amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.