Wat Biyar da Bakin Kakaki: Tarihin Lasifika daga Kano zuwa Achilafiya

A shekarar 1944, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, ma'aikata suka fara kafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a a birnin Kano: wajen majalisar Sarki, da ɗakin karatu, da gidan waya. Yaƙin Duniya na Biyu bai ƙare ba, 'ya'yan ƙasa da yawa suna fagen daga, jama'a kuwa na ƙishin labari. Abin da aka kafa ba rediyon da aka sani yau ba ne. Tasha ɗaya ce ke kamo shirye-shirye daga Landan, ta haɗa da nata, ta ƙara wa sautin ƙarfi, sa'an nan ta tura shi ta waya zuwa tituna da gidajen masu biyan kuɗin wata. Legas ta riga ta sami irin wannan tsari a 1935, Ibadan kuma a 1939. Akwatin da ake rataye wa mai gida ba ya kamo komai daga iska. Lasifika ce kawai, da maɓallin ƙarawa da ragewa, da wata 'yar taransifoma a ɓoye. Wannan 'yar taransifomar ita ce zuciyar labarin.

Kafin zuwan taransista, babban abin da ke ƙara wa sauti ƙarfi shi ne bawul: wata 'yar kwalba mai kama da ƙwan fitila, wadda aka zuƙe iskar cikinta. John Ambrose Fleming na Ingila ne ya ƙirƙiro ta a 1904. A 1906 Lee de Forest na Amurka ya sa mata wata 'yar raga a tsakiya, wadda ta ba ƙaramin motsin lantarki damar sarrafa babba, kamar yadda ɗan yaro ke juya ruwan lambu da toshe bakin kwalbati ɗaya. Lasifikar da ta zama ruwan dare, mai mayen ƙarfe da nadin waya da faifan takarda, Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric ne suka fito da ita a 1925.

Sai dai bawul da lasifika ba halinsu ɗaya ba. Bawul na aiki da bolt ɗari biyu ko uku, amma lantarkin da ke gudana a cikinta ɗan kaɗan ne. Lasifika kuwa bolt kaɗan take so, da kwarara mai yawa. Masana na auna wannan hali da abin da za a iya kira turjiya, ma'auninta om. Bawul irin EL84, wadda ta cika rediyoyin shekarun 1950, tana son ta tarar da turjiyar da ta kai kimanin om 5,000, alhali lasifika om 4 ce, ko 8, ko 16. In an haɗa su kai tsaye, ƙarfin zai ƙare a zafi, murya ba za ta fito ba. Taransifoma ce dillalin da ke sasanta su. In nadin wayar gefen bawul ya ninka na gefen lasifika sau 25, turjiyar za ta ninka sau 25 har sau 25, wato 625, sai lasifika mai om 8 ta bayyana ga bawul tamkar mai om 5,000. A nan ne EL84 guda ɗaya ke ba da duk abin da take da shi, wato kimanin wat 5.

Wat 5 ba wani abin a zo a gani ba ne a idon mai sayayya a yau, amma da irinsa aka cika ɗakuna da dandali. Bawul ɗin 300B ta kamfanin Western Electric, wadda ta fito a 1938, kimanin wat 8 take bayarwa in ita kaɗai ce, kuma da ita aka yi wa ƙananan gidajen silima sauti. Sirrin yana bakin lasifika. Bahaushe bai buƙatar dogon bayani a nan, domin ya san kakaki. Leɓen mabushi kaɗai ba zai ji da nisa ba, amma in ya bi ta dogon bututu mai buɗewa sannu a hankali, sai a ji shi daga bayan ganuwa. Bututun bai ƙara wa mabushi numfashi ba, ya dai daidaita ƙaramin leɓe da faffadar iska. Lasifika mai bakin kakaki haka take: taransifoma ce ita ma, amma ta iska. Irin ta masallaci kan ba da desibel 105 ko fiye da wat ɗaya tak a nisan mita ɗaya, yayin da ƙaramar lasifikar akwati kan tsaya wajen 85. Tazarar desibel 20 daidai take da ninki 100 na ƙarfi. Abin da mai bakin kakaki ta yi da wat 1, sai mai akwati ta ci wat 100 kafin ta kamo ta.

Rediyon waya na Kano ya ƙara wa wannan ilimi wata dabara. Sautin da za a tura nesa, ana ɗaga bolt ɗinsa a tasha don kada ya tsiyaye a hanya, sa'an nan taransifomar kowane akwati ta sauke shi, ta ɗebi ɗan rabonta. Da haka amfilifaya ɗaya ke ciyar da akwatuna masu yawa ba tare da an shaƙe ta ba.

Amma waya tana da iyaka. Kano ta sami lantarki tun farkon shekarun 1930, ƙauyukan Lardin Kano kuwa ba su samu ba. Masarautar Kazaure tana cikin wannan lardi a lokacin, domin sai 1991 aka yanke Jihar Jigawa. Tsarin da ya dogara da turakun waya da masu biyan kuɗin wata ba zai bi hanyar Daura ya isa garuruwa irin su Achilafiya da Roni da Gwiwa ba. Bawul ta ɗaure murya a birni, domin tana cin wuta tun kafin ta ce uffan: sai an gasa zaren cikinta ya yi ja kafin ta fara aiki. An yi rediyoyin bawul masu batir, irin wanda kamfanin Ever Ready ya ƙera a 1949 don ƙasar da ake kira Zambiya a yau, mai siffar tukunya, kan fam 5. Sai dai irin waɗannan na buƙatar wuta iri biyu, bolt ɗaya da rabi don gasa zare da kimanin bolt 90 don aiki, kuma batirin na da nauyi da tsada. Ga mafi yawan mutanen karkara, muryar amfilifaya ta zo ne a bayan motar majigi, wadda ke tafe da injin wutarta da mai sharhi da Hausa, ta kwana ɗaya ta wuce.

Taransista ce ta kwance ɗaurin. An ƙirƙiro ta a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1947, rediyonta na farko ya shiga kasuwa a 1954, Japan kuma ta karya farashinsa. Zuwanta ya yi daidai da buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957 da Rediyo Kaduna a 1962. Rediyo ya sauka daga bango ya koma kafaɗar manomi da makiyayi, akwatin waya ya zama tarihi.

Bawul ta tafi, amma matsalar daidaitawa ba ta tafi ba, sai ma ta juya fuska. Amfilifayar bawul tana tsoron a kunna ta babu lasifika, domin hakan na iya ƙona taransifomarta. Ta taransista kuwa tsoronta a yi mata lodi. Duk wanda ya leƙa bayan amfilifayar masallaci, irin ta Ahuja ta Indiya ko TOA ta Japan, zai ga jerin kusoshi: 4, 8, 16, sai 70 da 100. Uku na farko om ne, biyun ƙarshe bolt ne, gadon dabarar nan ta tura sauti nesa. Lasifika biyu masu om 16 in aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa sun koma om 8, huɗu sun koma om 4. In aka ɗaure huɗun a kusar 16, na'urar za ta yi zafi, murya ta dushe, wata rana ta mutu ana tsakiyar kiran salla. In kuma lasifikar tana can ƙarshen unguwa, siririyar waya mai tsawo za ta cinye rabon da ya kamata ya isa gare ta, sai dai a bi ta layin bolt 100 da taransifoma a gindin kowace lasifika.

Wannan ba zancen masana kaɗai ba ne. A gari kamar Achilafiya, amfilifayar masallaci ko ta makarantar Islamiyya kuɗin karo-karo ne, wutarta kuma sau da yawa batir ne ko farantin sola. Jama'ar da aka ce wa maganin raunin murya shi ne sayen mai wat 500 za su biya sau biyu: a kanti, sa'an nan a batirin da ke mutuwa da wuri. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, abin da kunne ke ji da ƙyar, kuma sai an ninka shi sau 10 kafin a ji kamar murya ta ninka biyu. Sauya kusa, ko kaurin waya, ko juya bakin lasifika ya fuskanci gari, kan yi abin da sabuwar na'ura ba ta yi ba.

Abin mamaki, bawul ta dawo ta ƙofar masu hali. Tun daga shekarun 1970 masu sha'awar sauti a Japan suka farfaɗo da amfilifaya mai wat 2 zuwa 8, Turai da Amurka suka bi sahu. Darasin farko da kowane sabon shiga ke koya shi ne ya nemi lasifika mai saurin amsawa, ya kuma duba om kafin ya ɗaura waya. Abin da suke biyan dubban daloli su gano, shi ne abin da ya sa akwatin katako ya yi magana a Kano a 1944, kuma shi ne ke kai muryar ladan gonakin bayan gari da asuba.