Bunƙasar Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da Makomar Karatun Gaba da Digiri a Ƙasar Adar

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tasowar Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, daga cibiyar koyon fasaha da ta buɗe a 2008 zuwa jami'a mai cin gashin kanta tun 2010. An duba tsarin LMD da take bi da sharuɗɗan ƙarin girman malamai na hukumar CAMES, sannan aka auna fannoninta da buƙatun gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela. Binciken ya gano cewa doka da gini suna iya ƙara wa jami'a faɗi, amma tsayinta, wato masta da digirin digirgir, ba ya samuwa sai da manyan malamai da binciken da ya kafa saiwa a ƙasar da take zaune. An rufe da shawarwari a kan horar da malamai, haɗa fannoni, da mayar da sakamakon bincike ga jama'a da harshen Hausa.

Fitilun kalmomi: jami'a, Tawa, Adar, LMD, CAMES, karatun gaba da digiri

1.0 Gabatarwa

Neman ilimi mai zurfi ba baƙon abu ba ne a yankin Tawa. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma sunan malaminsa, Malam Jibril ɗan Umar, yana haɗe da ƙasar Adar. A wancan tsari almajiri kan zauna gaban malami har ya ƙware a littafi, malamin ya ba shi izinin karantar da shi. Jami'ar zamani kuwa ta zo da wani tsari dabam: tsangayoyi, zangunan karatu, jarrabawa, da takardar shaida mai hatimin hukuma.

Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen jihar Tawa sun haura miliyan uku, a ƙasar da yawan jama'arta ke ƙaruwa a lokacin da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara. Duk da haka, kafin 2008 yaron Tajaye ko Badagishiri da ya ci bakaloriya ba shi da jami'ar gwamnati sai a Yamai, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Manufar wannan maƙala ita ce amsa tambayoyi biyu: ta yaya jami'ar Tawa ta girma, kuma me ya rage kafin ta zama cibiyar da ke yaye masu bincike na kanta?

1.1 Hanyar Gudanar da Bincike

An bi hanya biyu. Ta farko ita ce bibiyar tarihi, inda aka jera matakan da ilimin jami'a ya taka a Nijar bisa dokokin da suka kafa cibiyoyinsa. Ta biyu ita ce kwatanci, inda aka ɗora fannonin jami'ar a kan sana'o'i da matsalolin gundumomi uku na kudancin jihar. An zaɓi gundumomin ne saboda a cikinsu noman rani, masana'anta, kiwo da cinikin kan iyaka suka haɗu.

2.0 Waiwaye: Daga Yamai zuwa Jihohi

Nijar ta samu mulkin kai a 1960 ba tare da jami'a ba. 'Ya'yanta kan tafi Dakar, Abidjan ko Faransa. A 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973, daga baya aka sa mata sunan Abdou Moumouni, masanin makamashin hasken rana. A 1986 Jami'ar Musulunci ta Say ta buɗe ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi. Fiye da shekara talatin Yamai ita kaɗai ke ɗauke da nauyin ɗaliban jami'ar gwamnati, har ajujuwa da ɗakunan kwana suka kasa.

Wannan cunkoso ne ya haifar da cibiyoyin fasaha na IUT a Maraɗi, Tawa da Damagaram, waɗanda suka fara karatu a 2008 a ƙarƙashin jami'ar Yamai. A 2010 gwamnatin riƙon ƙwarya ta mayar da garuruwan uku mazaunin jami'o'i masu cin gashin kansu, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas, Diffa, Dosso da Tillaberi. Tun farko an yi rabon fannoni: Maraɗi ta karkata ga kimiyya, noma da likitanci, Damagaram ga adabi da nazarin zamantakewa, Tawa kuwa ta ɗauki shari'a, tattalin arziki da gudanarwa.

3.0 Tsangayoyi da Fannoni

Cibiyar IUT ta Tawa ta fara da gajerun kwasa-kwasan da ke kai ɗalibi kasuwar aiki da wuri, irin su gudanar da kamfanoni, dabarun ciniki, aikin kwamfuta a ofis, da kula da otal da yawon buɗe ido. Tsangayar shari'a, tattalin arziki da gudanarwa ita ce ƙashin bayan jami'ar, kuma a fannoninta ne karatun masta ya fi kama ƙasa. Daga baya aka samu tsangayar ilimin koyarwa da ta aikin gona. Sunan da jami'ar ke ɗauke da shi ma darasi ne: Farfesa Djibo Hamani masanin tarihi ne da ya wallafa bincike a kan Adar kafin zuwan Turawa a 1975, ya kuma yi wani a kan sarautar Agadas. Ya yi suna a duniyar ilimi ne da nazarin ƙasarsa.

3.1 Tsarin LMD

Tsarin ya samo asali daga yarjejeniyar Bologna ta 1999 a Turai, ƙungiyar tattalin arziki ta UEMOA kuma ta umurci ƙasashenta su ɗauke shi a 2007. Yana da hawa uku: lisans na shekara uku, masta na shekara biyu, da digirin digirgir na aƙalla shekara uku. Ana raba shekara zango biyu, kowane zango da maki 30 na karatu, ta yadda lisans ke buƙatar 180, masta kuma ƙarin 120. Amfaninsa a bayyane yake, domin ɗalibin Tawa zai iya ci gaba a Wagadugu ko Dakar ba tare da ya koma baya ba. Sai dai an gina tsarin ne a kan zaton cewa ɗalibi zai yi babban kaso na aikin da kansa, a laburare da intanet, kuma zango zai fara ya ƙare a kan lokaci. Inda yajin aiki ya sa shekarun karatu suka hau kan juna, kamar yadda jami'o'in gwamnati na Nijar suka sha fama, lisans na shekara uku kan zarce wa'adinsa, wanda ya fi jin jiki kuwa shi ne ɗan manomi.

3.2 Malamai da Sharuɗɗan CAMES

Hukumar CAMES, wadda aka kafa a taron Yamai na 1968 kuma take da mazauni a Wagadugu, ita ke tantance matsayin malaman jami'a a ƙasashen da ke cikinta. Matakan huɗu ne, kuma waɗanda suka kai biyun sama ne ke da ikon jagorantar digirin digirgir. A fannonin shari'a, tattalin arziki da gudanarwa akwai gasa ta musamman da ake yi duk bayan shekara biyu, wadda ke buƙatar wallafe-wallafe da dogon shiri. Ke nan fannonin da Tawa ta gada suna cikin waɗanda samun babban malami ya fi wuya. Malamin da ke koyar da ɗaruruwan 'yan shekarar farko, yana gyara takardunsu, da ƙyar zai samu lokacin rubuta abin da zai ɗaga shi. Jami'ar da ba ta yaye malamanta ba kuwa kamar manomin albasa ce da bai tanadi iri ba: kowace shekara sai ya saya daga hannun wani.

4.0 Ƙasar da Ke Jiran Bincike

Abin da zai ba karatun gaba da digiri na Tawa kima yana nan a kudancin jihar.

Na farko shi ne albasar Galmi a gundumar Malbaza, wadda ake lodawa zuwa Gana, Kwaddebuwa da sauran ƙasashen gaɓa. A shekarun 2000 wani kamfanin iri na waje ya nemi mallakar sunanta a hukumar mallakar fasaha ta OAPI, manoma da gwamnatin Nijar suka tashi tsaye, daga baya aka yi mata rajista a matsayin amfanin wani yanki keɓantacce. Wannan batu ɗaya ya haɗa dokar mallakar fasaha, kimiyyar iri, da tattalin arzikin ajiya, domin albasa kan faɗi warwas lokacin cira, ta kuma ruɓe a rumbu kafin kuɗinta ya tashi.

Na biyu shi ne filin noman rani na Ƙonni, mai faɗin hekta sama da dubu biyu, wanda ke shan ruwa daga madatsun kwarin Magiya, hukumar noman rani ta ONAHA kuma ke kula da shi tare da ƙungiyoyin manoma. Cikewar madatsu da yashi, rabon ruwa da biyan kuɗinsa tambayoyi ne na aikin gona da na gudanarwa a lokaci guda.

Na uku shi ne iyakar Ƙonni da Illelar jihar Sakkwato, inda naira da sefa ke musanyar hannu kullum. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, sun nuna yadda farashin hatsi, dabbobi da mai ke juyawa. Masanin tattalin arziki ba zai samu fagen nazari da ya fi wannan ba. Haka ma masana'antar siminti ta Malbaza, da tasirinta a kan aikin yi da muhalli.

Na huɗu shi ne shari'ar ƙasa. A Tajaye da kewayen Illelar Nijar, inda manoma da makiyaya ke zaune tare, rikicin gona, burtali da mashaya kan bi ta hannun mai gari da sarki, ya je kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, kafin ya kai kotu. A sha'anin aure da gado kuwa alƙali na zama da masana al'ada. Ɗalibin da ya haddace dokokin kasuwanci na OHADA amma bai san yadda ake sulhu a fada ba, rabin shari'ar ƙasarsa ya sani.

5.0 Sakamakon Bincike

Binciken ya fito da abubuwa huɗu. Na ɗaya, jami'ar ta kusantar da ilimi mai zurfi ga 'ya'yan talakawa, musamman 'yan mata da iyaye ba sa son su yi nisa da gida. Na biyu, faɗinta ya riga tsayinta, domin buɗe tsangaya ya fi sauƙi a kan samar da farfesa. Na uku, matsalolin yankin ba sa zama a fanni ɗaya, alhali tsangayoyi sun saba kowa da gonarsa. Na huɗu, akwai tazarar harshe: ana tattara bayani daga bakin manomi da Hausa ko Tamashek, a rubuta da Faransanci, a ajiye inda mai maganar ba zai gani ba. Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, wannan tazara ba ta da sauran hujja.

6.0 Shawarwari

1. Gwamnati ta ware tallafi na musamman ga ƙananan malamai don kammala digirin digirgir da shiga gasar CAMES, tare da rage musu nauyin aji a lokacin.
2. A ƙulla jagorancin kundi na haɗin gwiwa da Jami'ar Abdou Moumouni, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato wadda ta fi Yamai kusa da Ƙonni.
3. A buɗe masta na haɗaka tsakanin shari'a, tattalin arziki da aikin gona, a kan filaye, ruwa da cinikin kan iyaka.
4. A kafa sansanin bincike na dindindin a yankin Ƙonni da Galmi, tare da cibiyar binciken aikin gona ta INRAN da ƙungiyoyin manoma.
5. Kowane kundi ya zo da taƙaitawa da Hausa, a kuma gabatar da shi a garin da aka yi binciken da gidajen rediyon karkara.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa jami'ar Tawa ta kammala matakin kafuwa, ta shiga mataki mafi wuya, wato na samar da ilimi da masu samar da shi. Wannan aiki yana cin lokaci da kuɗi, amma kayansa suna nan: albasar Galmi, ruwan Magiya, kasuwar iyaka da zaman sulhu na Tajaye. Ana kira ga hukumomin ilimi, sarakunan gargajiya, 'yan kasuwar Adar na gida da na ƙetare, da malaman jami'ar kansu, su zuba jari a horar da masu bincike. Da yawan malaman da ta yaye da matsalolin da ta warware wa jama'arta za a auna girman Jami'ar Djibo Hamani.