Jirgin Da Bai Iso Mu Ba

Har na kammala makarantar firamare ban taɓa ganin jirgin ƙasa da idona ba. A Boyekai aka haife ni, cikin ƙasar da ke tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo, inda abin hawan da muka buɗe ido da shi shi ne jaki da raƙumi, sai kwale-kwalen da ke ƙetare Gulbin Rima idan damina ta yi nisa. Duk abin da na sani game da jirgi a bakin kakana na ji shi, shi kuwa ba ya ambatonsa da alheri. Idan muka dame shi da tambaya sai ya ja bargonsa ya ce, “Ɗiyana, ku bar zancen wanga abu. Jirgi ba shi kawowa, ɗauka shikai.” A lokacin na ɗauka rigimar tsufa ce. Sai da na girma na karanta tarihin layin dogo, na kuma tsaya a gindin dutsen da jirgi ke hawa, sannan na gane inda maganarsa ta dosa.

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Bayan shekara huɗu aka turo Sir Percy Girouard, injiniyan reluwe ɗan asalin Kanada, ya gaji Lugga a mulkin Arewa, kuma babban aikin da ya sa gaba shi ne shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin Kwara, zuwa Kano. Jirgi ya shiga Kano a 1911, a 1912 kuma aka buɗe hanya sosai har Ikko. Auduga Turawa suka sa rai za su samu don masaƙun Ingila, amma manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, abin da daga baya ya haifi dalar gyaɗa. Daga Zariya aka ja wani reshe ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya isa Kaura Namoda a 1929. A nan ƙarfe ya tsaya, kuma a nan yake tsaye har yau. Birnin Shehu bai samu tasha ba, balle Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello inda kabarinsa yake, ko Rabah inda aka haifi Sardauna Ahmadu Bello. Dalilin ba boyayye ba ne ga mai duban taswira. An ja layin ne zuwa inda auduga da gyaɗa suke da yawan da zai biya kuɗin aikin, mu kuwa arzikinmu gero ne da dawa da shinkafar fadama da albasa, abincin cikin gida wanda ba a nema a Liverpool.

Sai dai akwai abu ɗaya da aka nema a wurinmu, wato ƙarfin ƙato. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda ake haƙo kuza mai yawa a ƙarƙashin mulkin Ingila, ga shi kuwa ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Hankali ya koma kan tsaunukan Jos. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar aikin tilas, aka yanka wa larduna adadin mutanen da za su kawo, hakimai suka raba wa dagatai, dagatai suka raba wa masu unguwa. Kakana yana saurayi, bai daɗe da aure ba, sunansa ya faɗo. Ya ce kwana biyar suka yi a ƙasa, ta Isa da Shinkafi, kafin su kai Kaura Namoda. A nan ya fara ganin jirgi, baƙin ƙarfe mai cin kwal yana huci, aka kuma zuba su cikin taragon kaya zuwa Zariya.

Daga Zariya aka sauya musu jirgi. Akwai wani ƙaramin layi a wancan zamani, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, alhali babban layi ƙafa uku da rabi ne. An gina shi musamman don kuza: ya kai Rahama a 1912, ya hau tudu ya isa Jos da Bukur a 1914. Kafin shi a kai ’yan dako ke ɗaukar kuza su gangara da ita har bakin Binuwai. Kakana ya ce idan wannan ƙaramin jirgi ya kama hawa, mai tafiya da ƙafa yana iya jerawa da shi. Abin da bai manta ba shi ne sanyi. Mutanen da suka tashi a zafin Rima, da ’yar taguwa ɗaya, aka kai su tudun da ya haura mita 1,200 bisa teku, suna wanke ƙasa cikin ruwa tun asuba. Ciwon haƙarƙari ya kashe da yawa. An soke dokar a 1944. Shi ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Abokin tafiyarsa, ɗan unguwarmu, a can aka binne shi.

A 1981 aikin bautar ƙasa ya kai ni koyarwa a wata makaranta kusa da Manchok, a gindin tsaunukan nan. Ƙaramin layin kakana an riga an rufe shi tun 1957, domin a 1927 an jawo reshe mai cikakken faɗi daga Kafanchan zuwa Jos, wanda ya kwashe masa kaya. Wannan reshen ne ya ratsa kusa da mu. Yana barin Kafanchan ya bi gefen Dutsen Kagoro, ya wuce Manchok, daga nan ya shiga hawa yana kewaye-kewaye har ya fita a Kuru, inda hanya ta rabu biyu: ɗaya ta yi Bukur da Jos, ɗaya ta miƙe Bauchi da Gombe har Maiduguri, inda ta isa a 1964.

Da la’asar, idan na tashi daga aji, nakan hau wani fako in zauna jiran jirgin kaya. Kunne ke fara saninsa. Wani gurnani ne mai nauyi da ke fitowa daga ƙasan kwari, ya ɓace idan jirgin ya shiga bayan dutse, ya sake bayyana da ƙarfi fiye da na farko. Sai can ka hangi kan jirgin ya leƙo daga kwana, baƙin hayaƙi na tashi tsaye daga bayansa, taragai na biye ɗaya bayan ɗaya: rufaffu masu taki da siminti, tankunan mai, da buɗaɗɗu da aka lulluɓe da tamfol. Nakan ƙirga su, in ɓata lissafi idan wutsiyar ta shige kwana, in sake farawa. Wani lokaci, musamman bayan yayyafi, ƙafafun kan jirgin sukan zame su yi ta juyawa a wuri ɗaya da ƙara mai tsinka zuciya, har sai sun sake kama ƙarfen. Wani tsohon lebura mai duba layi, wanda muka saba gaisawa, shi ya bayyana mini cewa akwai akwatin yashi a jikin injin, direba na sakinsa a kan dogo don ƙafa ta samu abin kamawa. Shi ne kuma ya gyara mini wani kuskure. Na zaci injin dizal ne ke juya ƙafafun kai tsaye, ashe janareta yake juyawa, wutar lantarkin da aka samu ita ke tura ƙananan injinan da ke jikin ƙafafun. “Malam,” in ji shi, “hawa ba ya ba mu tsoro. Gangara ita ce aiki.” Na ga gaskiyarsa ranar da jirgin shanu daga Barno ya sauko, birki na kuka tun daga sama, warin ƙarfe mai zafi ya cika iska.

Dizal ya fara aiki a reluwen Nijeriya a 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa, da injinan kamfanin English Electric. Daga baya aka sayo wasu daga Kanada da Amurka, masu cin kwal suka yi ta ja baya har suka ƙare. Lokacin da nake kallon nan ƙwararru daga Indiya ne ke tafiyar da hukumar, daga 1979 zuwa 1982, kuma ma’aikata na cewa abubuwa sun ɗan farfaɗo. Ban san ƙarshen zamani nake kallo ba. Kuɗin man fetur ya tafi ga titunan mota, gyaɗa ta daina fita waje, kasuwar kuza ta rushe a 1985, kaya suka koma bayan tirela.

Dole in faɗi gaskiya: na so jirgin nan. Na kasa riƙe fushin kakana a gaban abin da mutane suka sassaƙa a jikin dutse da diga da shebur. Amma ko a lokacin ina sane da cewa hannuwan da suka yi sassaƙar irin nasa ne, kuma ba a rubuta sunan ko ɗaya a jikin wata tasha ba. Na kuma lura maganarsa ta sami gyara kaɗan: jirgin da nake kallo yana hawa da taki da siminti, wato ya fara kawowa. Mu ne dai bai kawo wa ba.

Yau albasar Wurno da Goronyo, wadda madatsar ruwan Goronyo ta ƙara wa yawa, a mota take tafiya Kudu. Duk manomi a wajenmu ya san abin da kwana uku a hanya cikin zafi ke yi wa buhun albasa, ya san kuma daga aljihun wa dillali ke cire hasarar. A 2016 aka buɗe sabon layi tsakanin Abuja da Kaduna, a 2021 aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Na duba taswirarsa da kyau. Gabas da mu zai wuce.

Da na gama bautar ƙasa na koma gida a 1982, na tarar da kakana a zaure, cikin bargonsa, ko da yake watan bazara ne. Na ba shi labarin hawan Kagoro, da yashin da ake zubawa, da jirgin da yanzu ba ya cin kwal. Ya saurara har na kai aya, bai katse ni ba. Sannan ya tambaye ni ko har yanzu ana sanyin nan a can. Na ce ana yi, Kaka. Ya gyaɗa kai, ya ce in miƙo masa butarsa, la’asar ta yi.