Daga Ibadan Zuwa Zariya: Yadda Aka Ƙwato Tarihinmu

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, duk mai uzuri ya ajiye shi sai bayan isha'i.

Jiya bayan magariba muna zaune a Sabo wajen mai shayi, wani ƙaninmu da ya shigo aji ɗaya bana ya ce mini yana neman hanyar canza kwas. Tarihi aka ba shi, shi kuma lauya ya nema. Ya ce duk wanda ya gaya wa a gida sai ya tambaye shi, "To in ka gama me za ka yi da shi?" Na yi dariya, don ni ma kawuna ya yi mini wannan tambayar, kuma da na ce masa ina haɗawa da darussan falsafa sai ya yi salati. Na yi wa yaron alkawarin amsa a rubuce. Amsar kuwa tarihi ce ita ma, tarihin wannan sashen da yake son gudu daga cikinsa.

Mu fara da Hegel, masanin falsafa ɗan Jamus. A laccocinsa na falsafar tarihi, waɗanda aka buga a 1837 bayan mutuwarsa, ya fitar da Afirka ta kudu da Sahara daga cikin tarihin duniya gaba ɗaya. A ganinsa babu wani ci gaba a nan da ya cancanci a kira shi tarihi. Kada ku ɗauka maganar ta mutu tare da shi. A 1963, bayan Najeriya ta yi shekara uku da samun 'yancin kai, Hugh Trevor-Roper, babban farfesan tarihi a Oxford, ya maimaita kusan wannan ra'ayin, cewa abin da ake da shi kawai shi ne tarihin Turawa a Afirka. Wannan tunani yana cikin abin da aka jingina mulkin mallaka a kansa: in mutane ba su da tarihi, ai wanda ya zo ya mulke su taimakonsu ya yi.

Lokacin da aka buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948, tana ƙarƙashin Jami'ar Landan ne, kuma manhajar tarihi ta fi karkata ga Ingila da Turai da ayyukan Turawa a ƙasashen waje. Wanda ya fara juya akalar shi ne Kenneth Onwuka Dike, mutumin Awka. Littafinsa kan ciniki da siyasa a yankin Neja Delta tsakanin 1830 da 1885, wanda ya fito a 1956, ya nuna sarakuna da 'yan kasuwar yankin a matsayin mutane masu dabara da manufa, waɗanda suka yi ta ja-in-ja da Turawa kan farashi da iko. Bai tsaya nan ba. Shi ya yi tsayin daka aka kafa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a 1954, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya a 1955. Ginin ma'ajiyar yana nan cikin harabar jami'a, da yawanmu muna wucewa ta gabansa ba mu taɓa leƙawa ba. Laburaren da muke kwana a ciki lokacin jarrabawa ma sunansa aka sa masa.

To ina Arewa a wannan labarin? A nan abin ya ba ni mamaki da na fara karantawa. A 1955 wani Bature mai suna H.F.C. Smith ya zo koyarwa Ibadan. A 1961 ya buga maƙala yana cewa masana sun yi watsi da wani babban babi na tarihin Afirka ta Yamma, wato jihadodin ƙarni na 19, alhali waɗanda suka yi su sun bar ɗimbin rubuce-rubuce da Larabci. A 1962 ya koma Zariya ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, kuma shi ne shugaban farko na Gidan Arewa a Kaduna da aka kafa a 1970. Ɗalibinsa Murray Last ya tafi Sakkwato ya zauna gaban Waziri Junaidu yana karanta wasiƙun fada da littattafan gidan waziri. Da wannan aikin ya samu digirin dakta a Ibadan a 1964, littafin kuma ya fito a 1967. R.A. Adeleye, shi ma ɗan makarantar Ibadan, ya fitar da nasa littafin kan iko da diflomasiyyar daular a 1971. Kenan binciken zamani kan daular Usmaniyya a nan kudu ya fara tsayawa da ƙafafunsa kafin ya yi reshe a Zariya. Mu daina jin kamar baƙi ne mu a wannan sashen.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda suka yi aikin, don a nan ƙwarewar take. Ga misalai uku.

Na farko, labarin Bayajida. Kowa ya san shi tun firamare: baƙo daga gabas, rijiyar Kusugu, maciji, auren Daurama, Hausa bakwai. A wata maƙala ta 1970 Abdullahi Smith ya tambaya: shin wannan labarin zai iya bayyana yadda daulolin Hausa suka kafu? Ya nuna cewa an fi fahimtar abin in an bi yadda ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni mai ganuwa, ta hanyar noma da ƙira da kasuwa da buƙatar tsaro. Bai ce a jefar da labarin ba. Ya dai ƙi yarda da tunanin da Turawan mulki suke so, wai duk wata daula a Afirka baƙo ne ya kawo ta.

Na biyu, littafin tarihin sarakunan Kano da H.R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Yana ba da labari tun daga Bagauda, amma masana irin su Last da John Hunwick sun nuna cewa a ƙarshen ƙarni na 19 aka tsara shi yadda yake a hannunmu. Wannan bai mayar da shi ƙarya ba. Yana nufin dole ka tambaya: wa ya rubuta, a zamanin wane sarki, me ya ji daga bakin mawaƙa da dattawa, me kuma ya ga dama ya bari?

Na uku, Dakta Yusufu Bala Usman. A bincikensa kan Katsina, wanda ya fito littafi a 1981, ya ƙalubalanci masu taƙaita jihadi da cewa faɗa ne tsakanin Fulani da Haɓe. Ya bi garuruwa da zuriyoyi da sana'o'i, ya nuna cewa waɗannan manyan sunaye biyu suna ɓoye fiye da abin da suke bayyanawa. Wannan aikin falsafa ne tsantsa: kafin ka yi gardama da kalma, ka tambayi me take nufi, kuma wa ya ƙirƙiro ta.

Kada wani ya ce wannan ilimin Turawa ne. Ibn Khaldun a Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya soki marubuta tarihi da ke kwafo adadin mayaƙa ba tare da sun auna ko ƙasar za ta iya ciyar da su ba. Malaman hadisi sun gina fanni guda kan tantance masu ruwaya. Muhammadu Bello a Infaƙul Maisuri ya kawo wasiƙun Shehu al-Kanemi na Borno da ke sukar jihadin, sannan ya ba da amsa, mai karatu ya ga ɓangarorin biyu. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, ya yi rubutu a falsafa kuma ya rubuta tarihin ƙasar Hausa. Mantiƙi kuwa ana karanta shi a zaurukanmu tun kafin a san za a yi jami'a.

Yanzu ku dubi halin da muke ciki. Wajen 2009 aka cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga firamare da ƙaramar sakandare, sai a zamanin gwamnatin Buhari aka sanar da dawo da shi. Yawancinmu a wannan giɓin muka taso. Shi ya sa za a turo hoton wani yaƙi na wata ƙasa a WhatsApp a ce jiya ne a garinmu, kafin azahar an tura shi guruf ashirin. Mu da ke karatu a kudu mun san haɗarin wannan fiye da kowa. Jita-jita ɗaya tana iya hana ɗalibi fita daga ɗaki, ta sa uwa a Gusau ko Azare ta kwana ba barci. Haka in abokin ajinka ya ce Arewa ba ta san karatu ba sai da Bature ya zo, zagi ba zai amfane ka ba. Sunan littafi da shekara da hujja su ne za su sa ya yi shiru ya saurara.

To ƙanina, ga abin da za ka fita da shi in ka yi karatun da gaske. Za ka iya karanta shafi ɗari uku ka fito da gundarinsa a shafi biyu. Za ka iya bambance abin da aka tabbatar da abin da aka ji an ce. Za ka iya kawo hujjar abokin hamayyarka yadda shi kansa zai yarda ka yi masa adalci, sannan ka rushe ta in tana rusuwa. Za ka iya rubutu mai tsari. Ba zan yaudare ka ba, takardar tarihi ba ta zuwa da wasiƙar ɗaukar aiki, kuma kasuwar aiki a ƙasar nan ta yi wa kowa tsauri. Amma aikin jarida, koyarwa, bincike, aikin gwamnati, har lauyancin da kake so, duk waɗannan abubuwan suke nema. Ka haɗa da Larabci mai kyau da iya karanta ajami da sanin kwamfuta, don akwai dubban rubuce-rubucen hannu a Gidan Arewa da Sakkwato da nan Ibadan da ke jiran mai karanta su, kuma mu muka fi kowa kusa da harshensu.

In ka ga dole sai ka canza, Allah Ya sa hakan ne alheri. Amma kafin ka cike fom, zo ranar Litinin da ƙarfe goma mu shiga ma'ajiyar tare, ka riƙe fayil ɗaya na zamanin En'e a hannunka. Duk wanda ke son zuwa ya yi mini magana, ya taho da katin makaranta da fensir.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.