Gida biyu maganin gobara: abin da katsewar intanet ta koya muna

Duk ranar da rezo ya ɗauke, tambaya guda muke ji: me ya faru kuma? Yau za mu koma baya kaɗan, don amsar tana cikin tarihi.

Da yawanmu muna zaton kira da saƙo ta iska suke tafiya har su isa. Iskar ɗan ɓangare ne kawai na tafiyar, kamar tsakanin salularka da antenen unguwarku. Daga nan, mafi yawan tafiyar cikin fibur ake yin ta, wani zaren gilashi mai kaurin gashin kai, da haske ke gudu cikinsa. Ana bizne shi gefen hanyar mota, gari zuwa gari, har bakin teku, inda yake haɗuwa da manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa. To Nijar ba ta da teku. Dole mu ratsa ƙasar maƙwabta.

A 2002 aka fara aiki da wayar SAT-3, wadda ta taso daga Fotugal ta bi gaɓar Afirka ta Yamma har Afirka ta Kudu, da reshe a Kwatano. Ta nan Nijar ta rataya, ta hanyar Doso da Gaya. Ƙarshen Yulin 2009 wannan reshe ya samu matsala. Benin, Togo da Nijar suka shiga duhu, Najeriya ma ta rasa kusan kashi 70 cikin 100 na intanet ɗinta. Waya guda, ƙasa huɗu.

Bayan nan aka ƙara wayoyi. MainOne da Glo-1 suka zo a 2010, WACS da ACE a 2012. Amma wanda ya dogara ga guda ɗaya bai tsira ba: ƙarshen Maris 2018 ACE ta tsinke kusa da Nuwakcot, Muritaniya ta yi kusan kwana biyu babu intanet, don ita kaɗai gare ta. A kan tudu ma haka ne. A 2011 wata tsohuwa a ƙasar Jojiya tana haƙa tana neman jan ƙarfe, ta sare fibur, maƙwabciyarsu Armeniya ta yi awoyi a katse.

Sai babbar ranar da yawancinmu muke tune da ita: Alhamis 14 ga Maris 2024, cikin azumi. Wayoyi huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace rana guda a tekun Abijan. Bayanan farko sun nuna zaftarewar ƙasa ce a ƙarƙashin ruwa. Ƙasashe fiye da goma suka ji a jikinsu, har da mu. Gyaran ba na yini guda ba ne: sai jirgin ruwa na musamman ya zo, ya lalubo wayar a zurfi, ya ɗago ta, a ɗinke. An ɗauki makonni. Waɗanda suka farfaɗo da wuri su ne masu wata hanya daban, kamar wayar Equiano ta Google, wadda ta sauka Lome da Legas a 2022, kuma ba ta cikin waɗanda suka tsinke.

Ku lura da bambancin. A 2009 hanya guda ce, ta yanke. A 2024 hanyoyi huɗu ne, amma sun bi ta wuri guda, masifa guda ta haɗa su. Hausawa suka ce gida biyu maganin gobara, amma in gidajen katanga guda ta raba su, wuta ba ta san naka da nawa ba.

Maganin da injiniyoyi suka daɗe da sani shi ne zobe. Ana haɗa garuruwa a kewaye, yadda kowane gari ke da ƙofa biyu. In an sare fibur ta yamma, na'ura ta juya saƙo ta gabas da kanta. A tsarin da aka gina da kyau, juyawar ba ta wuce kashi ɗaya cikin 20 na daƙiƙa, mai magana a waya ba ya ma sanin an yi. Sai dai akwai sharuɗɗa. Hanya ta biyu kada ta kwana rami guda da ta farko. Ta kasance mai faɗin da za ta ɗauki kayan biyu. Kuma tashoshin su samu batir ko janareto, don fibur ba ya aiki babu kuran.

Yanzu mu dubi taswirarmu. Doso, Ƙonni, Maraɗi, Damagaram, Difa, duk jere suke a babbar hanya guda, kamar tasbaha. Tawa da Agadas reshe ne daga ita. Irin wannan ƙasa, zobe yana mata tsada, don sai an haƙa ɗaruruwan kilomita inda mutane ba su da yawa. Shi ya sa aikin fibur mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya sa wa kuɗi, yake da muhimmanci: ya tanadi ƙofofi ta Arlit da Asamaka zuwa Aljeriya, ta Difa da Gigimi zuwa Cadi, ta Damagaram da Magarya zuwa Najeriya. Ƙofar Aljeriya ta fi kowace ma'ana, don tana kaiwa Bahar Rum, wani teku daban.

Zancen nan ya shafi tukunyar gida. Ɗan cirani da ke aiko da kuɗin cefane, ɗan kasuwar da ke jiran farashin albasa daga Abijan, ɗalibin da ke rajista, duk a zaren nan suke rataye.

Don haka abu biyu muke roƙo. Kamfanoni da hukuma su faɗa muna: garinmu hanya nawa gare shi, kuma ta ina kowace ta bi? Mu kuma, in mun ga alamar fibur gefen hanya, kada mu haƙa sai mun tambaya. Babu jan ƙarfe cikinsa, gilashi ne.

Ku faɗa muna yadda abin yake a garinku.