Dokin Tafiya Ba a Rana Ɗaya Ake Yin Sa Ba

Mu da muka tashi a Zongon Kwatano muka tarar da turke a gidajen iyayenmu, daga arewa muka gaji kiwon doki, ta hanyar fatake. A da, ayarin goro yakan tashi daga Kano, ya ƙetare kogin Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Parakou da Djougou, kafin ya isa Salaga a Gwanja. Tafiyar watanni ce. Madugu na bisa doki, jagaba na gaba, uban dawaki na kula da ayari, ga kuma dawakin sayarwa ana janye da su. Wani Bature mai suna Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a garin Kaiama a 1826. Duk dabbar da ta kai Salaga da ƙafafunta, to an san yadda aka ciyar da ita tun daga barga.

Tsarin nasu ba shi da wani asiri. Harawa da ingirici su ne tushe, don cikin doki ba ya son zama wayam. Dawa ko gero kaɗan-kaɗan, galibi da yamma bayan an sauka zango jiki ya huce, sai dusa da ƙasari. Sannan kanwa, wadda ba a wasa da ita. Doki na iya zubar da gumi fiye da lita 10 cikin awa guda idan rana ta take, gishirin jikinsa kuma yana fita tare da gumin. Kanwa da gishirin Bilma su ke mayar masa da shi, su kuma sa shi ya sha ruwa sosai. Ayari yana sammako, ya sauka kafin rana ta yi tsaka. Da an sauka, mai kula da doki zai sassauta majayi ya bar sirdi na ɗan lokaci, sannan ya cire, ya bi gadon baya da tafin hannu yana neman inda ya yi zafi ko ya kumbura, ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya ya ƙwaƙule tsakuwa. Ba zai ci tuwo ba sai ya ga dokin ya yi fitsari ya fara tauna.

Sarakuna ma sun san iyakar ƙarfin dabba. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499) ake jingina wa dawakin zage, waɗanda ake ja ba a hau ba, don idan ɗaya ya gaji a sake wani. Yau ado ne a hawan Sallah, amma asalinsu dabarar tafiya ce.

Kudu kuwa ta daɗe tana cinye dawaki. Ƙudan tsando da cutar sammore suka sa daular Oyo ta riƙa sayen dawaki daga arewa ba fashi, sarakunan Dahome kuma ba su taɓa tara rundunar mahaya ba. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da goron da ya koma bin teku, da layin dogo da ya isa Parakou a 1936, doguwar tafiya bisa doki ta mutu. Abin da ya rage sai bukukuwa, musamman Gani a Nikki, inda mahayan Bargu ke taruwa kowace shekara.

A nan ne nake ganin muka yi sake. Dokin biki ana so a gan shi da sheƙi da ƙiba, don haka ake ɗura masa hatsi yana tsaye a turke wata da watanni, ran hawa kuma a nemi ya yi sukuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hatsi mai yawa ba motsi shi ke kawo murɗar ciki da zafin kofato. Ga kuma laimar bakin teku: harawar da aka ɗauko daga arewa, in ba a ɗora ta a kan rumfa iska na ratsa ta ba, nan da nan take funfuna, doki ya ci ya kwanta.

Gasar doguwar tafiya ta zamani, wadda ta yi suna da tseren Tevis na mil 100 a Kalifoniya tun 1955, a kan irin wancan sani na fatake aka gina ta. A tseren kilomita 160 ana tsayar da doki a zango-zango, likitan dabbobi ya auna bugun zuciyarsa. In bai sauko zuwa 64 a minti ɗaya ba, ko kuma yana ɗingishi, an cire shi, ko da shi ne a gaba. Masu wannan wasa sukan yi shekaru suna kilisa a hankali kafin su nemi gudu, don jijiya da ƙashi sun fi zuciya da huhu jinkirin ƙarfafa.

Saboda haka, ɗan'uwa mai doki a unguwar Houéyiho ko Zongo, ka fitar da shi kilisa da asuba kullum, tafiya da sassarfa. In ka kai shi bakin teku, ka bi jiƙaƙƙen yashi mai tauri, domin busasshe mai zurfi yana lalata jijiyar ƙafa. Ka rage masa dawa ran da bai fita ba, kada kuma ruwa da kanwa su yanke a bargarka.