Tarihin jigilar alhazai a Borno

Jigilar alhazai sana'a ce ta tara maniyyata, a shirya musu hanya da masauki da takardu, a kai su ƙasa mai tsarki, a dawo da su gida. A ƙasar Borno sana'ar ta girmi birnin Maiduguri nesa ba kusa ba. Yerwa dai, wato Maiduguri, a 1907 aka kafa ta, amma ayarin mahajjata ya fi shekara 800 yana tashi daga yankin Tafkin Chadi.

Sarakunan Kanem na gidan Saifawa ne suka fara ɗaukar nauyin tafiyar. Girgam, wato kundin jerin sarakunansu, ya nuna Mai Dunama ɗan Hume ya sauke farali sau biyu a ƙarni na 12, a tafiya ta uku kuma ya rasu a teku ta wajen Masar. Wajen shekarun 1240, zamanin Mai Dunama Dabalemi, mutanen Kanem suka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira, inda ɗalibansu da mahajjatansu ke sauka. A ƙarni na 16 Mai Idris Aloma ya yi aikin Hajji, ya kuma tanadar wa 'yan Borno masauki a Makka. A lokacin sarki shi ne uban tafiya. In zai tashi, malamai da fatake da talakawa sai su bi inuwarsa, domin ratsa Sahara ta Kawar da Fezzan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Har yau akwai unguwar Fezzan a Maiduguri.

Daga baya hanyar gabas ta Sudan ta ƙwace wa ta Sahara kasuwa, musamman bayan zuwan Turawa. Da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har bakin Kogin Nilu, aka kafa garin da ke ɗauke da sunansa. Dubban mutane suka bi sawu. Mai niyya daga Kano ko Katsina ko Sakkwato sai ya fara yada zango a Yerwa, ya nemi mai masauki a unguwar Hausari, ya jira ayari ya haɗu. Daga nan a bi ta Dikwa da Kusuri, a haye zuwa Fort Lamy, wadda yau ake kira Njamena, a wuce Abeshe da Junaina da Alfashir har Al'ubayyid, inda layin dogo ya ƙare. Jirgin ƙasa ya kai mutum Hartum da Suwakin, jirgin ruwa ya tsallakar da shi Jidda.

A baki abin gajere ne, amma tafiyar kan ci shekaru. Yawancin matafiyan ba su da kuɗin da zai kai su, don haka da guminsu suke biyan hanya. Mutum ya yi noman damina a Wadai, ya yi ɗinki ko wanzanci ko sayar da ruwa a Darfur, ya tsinci auduga a gonakin Jazira da aka buɗe a 1925, in ya tara ɗan abin hannu ya ƙara gaba. An yi aure a hanya, an haihu, an binne iyaye. Wasu sun isa sun dawo da furfura, wasu sun zauna a Sudan ana kiransu Fallata ko Takari, jikokinsu na can suna jin Hausa da Kanuri. Shi ya sa mai tafiya Makka a da yake biyan bashi, ya bar wasiyya, ya nemi gafarar dangi gida-gida. Madugun ayari kuwa shi ya san rijiyoyi, shi ke sasantawa da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, kuma ido na ganin ido ake hulɗa da shi kullum. In ya ci amana, a zango na gaba jama'a za su watse su bar shi.

Turawan mulkin mallaka ba su saki jiki da wannan kai-komo ba, don suna tsoron aƙidar Mahadiyya ta biyo alhazai daga Sudan. A 1919 Razdan na Borno, H. R. Palmer, ya rubuta rahoton tafiyar da ya yi da kansa daga Maiduguri zuwa Jidda. Cikin shekarun da suka biyo baya aka shigo da fasfo na mahajjata da ajiye kuɗin komowa, Maiduguri ta zama ƙofar da ake tantance masu fita. Masu hali sun bi ta teku, kamar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko a 1921. Talaka dai yana kan turbar gabas, da ƙafa ko a kan jaki, daga baya a bayan babbar mota.

Kamfani irin na zamani ya fara a Kano a 1948, lokacin da Alhaji Mahmud Dantata da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa West African Pilgrims Agency. Da motoci suka soma, ta hanyar nan ta Maiduguri, kafin a koma shatar jiragen sama a shekarun 1950. A nan ne sana'ar ta sake kama gaba ɗaya. Tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i, amma kuɗin da ake nema a hanya yanzu sai an zube shi dunƙule tun a gida, a hannun wani, watanni kafin tashi. Dattijon da ya sayar da shanunsa ya miƙa kuɗin ba abin da ya rage masa sai rasit da alkawari. Duk dokokin da gwamnati ta yi ta kafawa tun daga lokacin, kan wannan amanar suke kewayawa.

Koke-koken alhazan da aka yasar a Jidda ne suka sa gwamnatin Jihar Arewa ta tsoma baki. Sardauna Ahmadu Bello ya yi Hajjinsa na farko a 1955, a 1957 kuma Malam Abubakar Gumi ya yi aikin jami'in kula da alhazai a Jidda. A 1975 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa, ta karɓe aikin daga hannun wakilai masu zaman kansu. Kuɗin mai ya yawaita, a 1977 alhazan Najeriya suka haura 100,000. Jirgin sama ma ya zo da nasa makokin: mutum 176 suka rasu a Kano ranar 22 ga Janairun 1973 suna dawowa, wasu 261 a Jidda ranar 11 ga Yulin 1991 a jirgin da zai kai su Sakkwato. Dokar 2006 ce ta haifi hukumar NAHCON ta yanzu, wadda ke ba kamfanoni lasisi. A 2023 Najeriya ta samu kujeru 95,000, aka ba hukumomin jihohi 75,000, sauran 20,000 aka bar wa kamfanonin da jama'a ke kira jirgin yawo.

A unguwanni irin su Jiddari Polo da ke kudancin Maiduguri, maniyyaci na da zaɓi biyu: hukumar alhazai ta jihar Borno, ko jirgin yawo, wanda ya fi tsada amma ya fi taƙaita kwanaki, shi ne kuma ke riƙe da harkar Umara, musamman a goman ƙarshe na azumi. Da wuya a je ofishin kamfani kai tsaye. Ta hannun wanda aka sani ake bi, malamin unguwa ko alhajin da ya je bara ya dawo lafiya. Shi zai karɓi fasfo da kuɗin ajiya, ya raka mutum allurar rigakafi, ya tara maniyyata bita. A wurin bita za ka ga an kafa akwati an lulluɓe shi da baƙin yadi, tsofaffi suna zagaya shi suna koyon ɗawafi, malami na gyara wa maza ɗaurin harami yana jan kunne kada kowa ya sa goro a uwar jaka, ko ya karɓi saƙon da bai san abin da ke ciki ba. Wakili nagari ya san wace gyatuma ce ba ta iya hawa bene, wa ke shan maganin suga, wa bai taɓa shiga jirgi ba. Wanda ya ɗauki aikin a matsayin cinikin tikiti kawai, a Mina ake gane shi. Wasu wakilan kuma kan haɗa ayarin 'yan Tijjaniyya zuwa Mauludin Kaulaha a Sanagal ko ziyarar Fas a Maroko.

Rikicin Boko Haram ya taɓa sana'ar sosai. Bayan wani hari a Disambar 2013 an dakatar da jiragen fasinja a filin jirgin Maiduguri, masu tafiya Umara suka riƙa bin hanyar Damaturu zuwa Kano cikin fargaba, har aka sake buɗe filin a 2015. Jiddari Polo kanta ta fuskanci hari a Afrilun 2018. A 2020 da 2021 annobar korona ta hana alhazan Najeriya zuwa, kuɗin ajiyar mutane ya kwana a hannun hukumomi da kamfanoni. A 2020 ɗin ne NAHCON da bankin Jaiz suka ɓullo da adashin gata, don mai niyya ya riƙa tarawa kaɗan-kaɗan.

Kusancin Borno da gabas yana nan a farashin kujera, domin masu tashi daga Maiduguri da Yola sun fi kowa biyan kaɗan: naira miliyan 2.89 a 2023, kafin faɗuwar naira ta kai kujerar sama da miliyan 8 a 2025. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazai suka yi zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo, kamfanonin jiragen kuma suka nemi ƙarin kuɗi a kan kowace kujera.